Yadda Aka Sassaƙa Sunan Dasaura A Ƙofar Tagulla

Ya ku jama'a, ku matso ku gyara zama. Ni ne Tunau ɗan Arzika, haifaffen birnin Zarandi mai ƙofa tara, wanda rabona da shi yau shekara arba'in da ɗaya. Na yi yawo, na sha rana, na taka ƙasashen da ba a jin harshenmu. Amma cikin duk abin da ya same ni, babu wanda ya kai kwana talatin ɗin da zan ba ku labarinsu, kwanakin da ƙasar nan da kuke takawa ta samu sunan da ake buga mata a hatimi.

Idon mahaifiyata ne ya fitar da ni daga gida. Yanar ido ta rufe mata idanu biyu, aka ce mini can nesa, bayan Farin Fili, akwai wani kwari da wani tsiro ke fitowa a bakin kogi, wanda garinsa ke wanke yana. Shekara biyu ina tafe kafin na isa. Na samu tsiron, na shanya, na daka, na ƙulle garin a 'yar jakar fata na rataya a wuya. Washegari zazzaɓi ya kayar da ni a bakin hanya.

Wadda ta tsince ni wata tsohuwa ce, ungozoma, ana ce mata Gwamma. Gajeriya ce, hannuwanta kamar na maƙeri, ba ta da ɗa ko ɗaya nata na cikinta. Wata biyu tana jinyata da kunun kanwa da faɗa.

Mutanen kwarin kashi uku ne: masunta a bakin kogi, makiyaya a fadama, manoma a tudu. Masunta na kiran ƙasar Gaɓa, makiyaya na ce mata Mashaya, manoma kuwa Gandu suka sani. Ba su taɓa damuwa da bambancin ba, don babu wanda ya taɓa tambayarsu.

Ina shirin kama hanyar gida sai ga wani baƙo a kan alfadari, da igiyar awo da taswira ta fatar saniya. Da ya ga rumbuna da yara da hayaƙin girki, sai ya sauko da sauri. Ni kaɗai ke jin harshensa, saboda haka ni na yi tafinta.

Ya ce shi ma'aunin ƙasa ne daga Kandarma, birnin da ke saman duwatsu a bakin Babban Tafki. Tafkin ya cika, yana neman cinye birnin. Majalisarsu ta yanke za a buɗe ƙofofin ruwa na yamma nan da kwana talatin, domin a taswira nan wurin fari ne fat, babu kowa. Ya ce, “A Kandarma akwai Ƙofar Tagulla. Duk ƙasar da sunanta ke jiki, haramun ne a sakar mata ruwa. Wadda babu sunanta kuwa, a wurinsu babu ita.”

Na ce, “To ai ka gani da idonka. Koma ka gaya musu.”

Ya ce, “Maganar ma'auni ba ta shiga ƙofar. Sai 'yan ƙasa sun je da kansu sun faɗi suna, suna ɗaya tak.” Ya hau alfadarinsa ya tafi, ko ruwa bai sha ba.

Gudu ba zai yiwu ba. Gishirin Farin Fili ya kewaye kwarin ta gefe uku, ga tsofaffi, ga jarirai, ga dubban shanu, kuma maƙwabta bautar da duk wanda ba shi da ƙasa suke yi. Aka taru a ƙarƙashin wata tsamiya don a fitar da suna. Wallahi kwana tara aka yi ana gardama. Makau, shugaban masunta, ƙato mai tabon mashi a kafaɗa, ya ce idan ba Gaɓa ba to gara kowa ya nitse. Shugaban makiyaya ya ce ranar da aka rubuta Gaɓa, ranar za su zama baƙi a kan ciyawarsu. Na manoma ya ce su ne suka fi yawa. A rana ta tara aka zare wuƙaƙe.

Sai Gwamma ta miƙe ta shiga tsakani. Ta ce, “Kai Makau, da ƙafa ka fito, ni na juya ka. Kai kuma na shanu, kwana uku ka ƙi kama nono. Ku mayar da wuƙaƙen nan. Ni zan tafi.”

Makau ya ce, “Wane suna za ki faɗa, Inna?”

Ta ce, “Zan yi tunani a hanya.”

Ba wanda ya yarda da kowa sai ita, saboda haka aka amince. Ta juyo gare ni ta ce, “Kai kuma ɗan nan, kana jin harshensu. Ɗauko sandarka.” Na taɓa jakar da ke wuyana, na tuna uwata zaune a bakin ƙofa tana lalubar bango. Amma kunun matar nan ne a jikina. Na ce a raina kwana ashirin da ɗaya ne kawai, daga nan sai gida.

Muka shiga Farin Fili da jaki ɗaya da salkar ruwa huɗu. Filin ɓawon gishiri ne, ƙarƙashinsa laka mai haɗiye raƙumi. Muka ɗaura faya-fayi a ƙafafunmu don kada mu burma. Inda ɓawon ya yi garau kana hango ƙasa, ayari guda a tsaye, raƙuma da kayansu da masu jansu, gishiri ya adana su ko gashin gira bai zube ba. Na daina duban ƙasa.

A rana ta huɗu ɓawon ya fashe ƙarƙashin jakin. Na riƙe igiyarsa har ta yanke mini tafin hannu, ya yi kuka sau biyu, laka ta rufe shi da salkuna uku. Da salka ɗaya muka ci gaba, kurɓi da safe, kurɓi da yamma. Rana ta biyar hasken gishirin ya kashe idon Gwamma. Idanun suka kumbura, suka yi ja, tana tafe tana karkata zuwa inda ɓawon ba shi da ƙwari.

Na zauna na kwance jakar wuyana. Hannuna ya daɗe a kanta. Sannan na ɗebi rabin garin, na jiƙa da kurɓina na yamma, na shafa mata.

Ta ce, “Na uwarka ne ka taɓa ko?”

Na ce, “Da sauran nata, Inna.”

Ta ce, “Wawa.” Ta riƙe hannuna gam, ba ta sake ba har muka fita daga gishirin a rana ta bakwai, leɓunanmu a tsage, idonta ya buɗe.

Daga nan kwana shida muka yi a ƙafa cikin tsakuwa, muna cin saiwa da ƙwan tsuntsu, har muka iso gindin wani dutse miƙaƙƙe kamar bango, wanda samansa ke ɓacewa cikin gajimare. A jikinsa mutane ke zaune cikin manyan kwanduna da aka rataye da igiya, ɗaruruwa, iska na kaɗa su. A ciki suke haihuwa, a ciki suke mutuwa. Masu gadin hanya suka tare mu. Suka ce mini, “Ɗan wace ƙasa?” Na ce Zarandi. Suka buɗe mini hanya. Suka tambayi Gwamma, ita kuwa ba ta da suna ɗaya da za ta ba su. Nan take suka sa mata igiya a wuya, suka ce wadda ba ta da ƙasa ta wanda ya tsince ta ce.

Na roƙa, na durƙusa, na ba su rigata da sandata. Suka yi dariya, suka sa ta dakan hatsi a gindin dutse. Kwana uku ina zaune gefen turmi ina kallon rana na wucewa da rayukan mutanen kwari. Saura kwana biyar, kuma hanyar da ke zagaye dutsen kwana takwas ce. Na ƙidaya, na sake ƙidayawa, bai fita ba. Na kifa kaina a gwiwa na yi kuka kamar yaro.

A rana ta uku Gwamma ta tsayar da taɓarya ta karkata kunne sama. Wata mace ke nishi a wani kwando tun jiya. Ta ce, “Gaya musu wancan ɗan a gicciye yake. Idan rana ta karkata ba a juya shi ba, gawa biyu za su sauko da ita.”

Ashe 'yar shugabansu ce. Aka ja mu sama a kwando, ni don tafinta. Na juya baya ina fassara umarninta ga matan, ƙasa na can nesa ƙarƙashin saƙar kaba, iska na jijjiga mu. Kafin la'asar jariri ya tsala kuka. Shugaban ya zo da kansa ya yanke igiyar wuyanta, ya ce ta faɗi abin da take so. Ta nuna sama da yatsa. Mutum sittin suka kama igiya, suka haye da mu kan dutsen kafin rana ta faɗi. Hanyar kwana takwas ta koma ta wuni guda.

Duk da haka sai safiyar rana ta talatin muka ga Kandarma. Ƙafafun Gwamma sun fashe, kwana biyun ƙarshe a bayana na goya ta. Na ga tafki wanda ido ba ya kai ƙarshensa, ruwa har ya shiga kasuwar birnin, mutane na yawo a kwale-kwale tsakanin rumfuna. Na ga ganuwar da ta tare ruwan, da ƙofofin ƙarfe bakwai a jikinta ta yamma. Kowace ƙofa da sarƙarta, kowace sarƙa da dorina arba'in da aka horar don ja. An riga an ɗaura wa dorinan ƙofar farko sarƙa.

Ƙofar Tagulla na tsakiyar birni, tsayinta ya kai na rimi, jikinta cike da sunayen ƙasashe. A gindinta Sarkin Ƙofa ke zaune, wani dogon tsoho mai farin gemu, da maƙerinsa riƙe da kurfin sassaƙa da guduma. Na sauke Gwamma, na faɗi na yi gaisuwa, na faɗi abin da ya kawo mu.

Ya ce, “Taswira ta ce babu kowa a can.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ga ɗaya daga cikinsu a gabanka.”

Ya ce, “Tsohuwa ɗaya ba ƙasa ba ce. Ka duba birnin nan, baƙo. Gidaje na rushewa. Idan ban saki ruwa yamma ba, ina zan kai shi?”

Na ce, “Akwai tsohuwar magudanar kudu da na gani a hanya, wadda ke gangarawa Farin Fili. Na ratsa filin da ƙafata, babu mai rai a cikinsa.”

Ya ce, “Magudanar ta cike. Sai an tashi duk birni an yi haƙa kwana goma, ruwa na cin gidajenmu. Ba zan ɗora wa mutanena wannan ba saboda maganar matafiyi. Kawo shaidar cewa akwai mutane.”

Na gaya wa Gwamma abin da ya ce. Ta dafa kafaɗata ta miƙe a kan fasassun ƙafafun nan. Ta ce, “Wannan ba sai ka fassara ba.”

Ta fara kiran sunaye. Duk jaririn da ta taɓa karɓa a hannunta, shekara hamsin, da sunan uwarsa da unguwarsu. “Nomau na Dela, tudun gero. Kande ta Azumi, bakin kogi. Jatau da Jimrau, tagwayen Lantana, fadama.” Ba ta haɗa masunta wuri guda ko manoma wuri guda ba, yadda suka zo duniya haka ta jero su. Da farko fadawa na murmushi. Da hantsi ya yi suka daina. Mata suka fara tsayar da kwale-kwale suna saurare, don ko ba ka jin harshe ka san sunan mutum idan an kira shi. Kafin azahar dandalin ya cika, wata mai sayar da kifi ta kawo mata ruwa. Sarkin Ƙofa ya ce ya isa. Ta ɗaga masa hannu ta ci gaba. Muryarta ta dushe, ta koma kamar ana goga dutse a kan dutse, jini ya fito a gefen bakinta.

La'asar na yi muka ji ƙaho daga ganuwa, sannan ƙarar sarƙa. Lokaci ya cika, masu dorina sun fara aikinsu. Gwamma ta zube.

Jama'a suka yi ca a kan Sarkin Ƙofa. Wani tsoho ya ɗaga murya ya ce shi zai fara haƙan magudanar da hannunsa. Sarkin Ƙofa ya miƙe fuskarsa ta canza, ya ce, “Na yarda akwai mutane. Amma doka na neman 'yan ƙasa biyu, ɗaya ya faɗi suna, ɗaya ya shaida. Ina na biyun?”

Na ce, “Ni zan shaida.”

Ya ce, “Kai ɗan Zarandi ne. Sai dai ka ajiye Zarandi a nan, a aika musu su cire ka. Wanda aka cire kuwa, idan ya sake taka ƙasar, kashe shi ake yi a bakin ƙofa. Ka yi tunani.”

Babu lokacin tunani. Ƙarar sarƙa na ƙaruwa, ƙasa na rawa ƙarƙashin ƙafata. Na ga fuskar uwata kamar tana gabana. Na cire jakar daga wuyana na miƙa wa maƙerin, na ce, “Don Allah, duk ayarin da zai tafi Zarandi, a kai wa Tabawa matar Arzika a unguwar marina. A ce ɗanta na raye.” Sannan na ɗora tafina a kan tagullar na ce na ajiye. Har yau ban san ko jakar ta isa ba.

Sarkin Ƙofa ya sunkuya kan Gwamma ya ce, “Sunan ƙasa?” Na fassara mata. Idonta a buɗe, amma ba ta tare da mu, leɓunanta na motsi. Ya sake tambaya. Na sake fassara mata. Ya ce, “Sau uku ake tambaya. Sunan ƙasa?”

Ta kama gefen rigarsa, ta tattaro abin da ya rage mata na murya ta ce, “Da saura. Da saura.”

Na san abin da take nufi. Ba ta gama kiran 'ya'yanta ba, tana roƙo a bar ta ta ƙarasa. Sarkin Ƙofa ya dube ni ya ce, “Sunan ke nan?”

Gaɓa na bakina, Mashaya na bakina, Gandu na bakina, kuma na san duk wanda na furta, wuƙaƙen gindin tsamiya ne za su ƙarasa abin da ruwa ya bari. Na ce, “Ranka ya daɗe, abin da 'yar ƙasa ta faɗa ke nan. Na ji, na shaida.”

Maƙeri ya hau tsani ya kafa kurfi. Guduma ba ta gama sauka ba aka tura mai gudu zuwa ganuwa. Amma dorina idan ta fara ja ba ta jin tsawa. Kafin a kwance su ƙofar farko ta buɗe kamu uku, kuma sai da aka yi wuni biyu kafin a iya mayar da ita.

Aka ba mu jirgi da matuƙa huɗu, muka bi bayan ruwan da aka saki, ta kwazazzaban da ya haƙa. Hanyar da ta ci mana kwana ashirin da ɗaya, kwana huɗu ta kawo mu. Gwamma na kwance a cinyata ba ta ci ba ta sha, yatsunta na motsi ɗaya bayan ɗaya. A safiyar rana ta uku yatsun suka tsaya.

Muka tarar da bakin kogi ya tafi. Bukkokin masunta, da ragarsu, da wuraren shanya kifi, babu ko alama. Tudu da fadama sun tsira. Makiyaya ne suka shiga ruwa riƙe da wutsiyar shanu suna fito da mutane, manoma suka buɗe rumbuna. Duk da haka mutum talatin da ɗaya ba a same su ba.

Na sauko da gawar Gwamma a hannuna. Jama'a suka taru a tudu. Makau ya ratso su riƙe da mashin kamun kifi, idonsa jajir. Aka raɗa mini cewa 'yarsa Tarana na cikin waɗanda ruwa ya tafi da su.

Ya ce, “An rubuta?”

Na ce, “An rubuta. Sauran ƙofofi shida ba za a buɗe su ba har abada.”

“Wane suna?”

“Dasaura.”

Ya dubi shugaban makiyaya, ya dubi na manoma, ya ga su ma ba su san shi ba. Ya ɗora tsinin mashin a ƙirjina ya ce, “Na wane ne wannan? Wa ya saye ka?”

Na ba su labari duka, tun daga jaki har guduma, ban ɓoye cewa Gwamma ba suna take nufi ba, kuma ni na bari aka sassaƙa. Na ce, “Idan laifi ne, nawa ne. Ga ni, ba ni da wata ƙasa da zan gudu.”

Makau ya daɗe yana kallon tsohuwar da ke hannuna. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, “Da take kiran sunayen, ta kai kan Tarana?”

Na ce, “Ta kai. Gab da azahar. Tarana ta Kyauta, bakin kogi. Duk birnin sun ji.”

Ya saki mashin ya faɗi ƙasa. Ya miƙo hannuwansa biyu, ya karɓi Gwamma daga hannuna, ya juya ya nufi tudu da ita. Shugaban makiyaya ya cire mayafinsa ya lulluɓe ta, na manoma ya aika a kawo fartanya. Duk muka bi bayansu.

Iyakar abin da na gani ke nan, kuma iyakar abin da zan faɗa. Ku tashi, rana ta yi.